Faifan Saje Sanda a Kantar Dakta

Duk wanda ya sake ce mini tafiya mabuɗin ilimi, zan tambaye shi ko ya taɓa zama a kujerar baya ta motar Kano zuwa Abuja, mutum huɗu a mazaunin mutum uku, da faifan garmaho tsaye a kan cinyarsa kamar jariri. In bai taɓa ba, ya yi mini shiru.

Sunana Habsu, mutuniyar Damagaram ce ni, malamar Faransanci. Abu biyu suka tsallako da ni Najeriya. Na farko aiki, wanda wani dillali ya rantse mini da girman Allah cewa ya samo mini a wata makarantar kuɗi a Abuja. Na biyu faifan Baba.

Baba, Saje Sanda, ɗan badujalar soja ne, mai busa ƙahon Turawa. Zamanin da yake Yamai, in ya tashi daga bariki yakan tuɓe kaki ya haɗu da abokansa su yi kiɗa a wani otal. Sau ɗaya tak suka shiga ɗakin ɗaukar sauti, aka buga musu faifai 'yan ƙalilan, suka rarraba wa dangi da abokai. Namu kaɗai na san ya rage. Garmahon gidanmu ya mutu tun ina firamare, Baba kuma Allah ya karɓi abinsa ina sakandare, faifan ya koma ƙasan adakar Inna a tsakanin zannuwanta. Da zan taho ta lalubo shi, don idonta ya riga ya yi rauni, ta naɗe shi a tsohon mayafi ta ɗora mini a hannu.

"An ce a Najeriya babu abin da babu," in ji ta. "Ido ya tafi, kunne ne ya rage mini. Ki sa a juye mini busar Sanda a waya in ji. Kuma ki dawo mini da abina, Habsu. Aro na ba ki."

Tun a tashar Kano rigima ta fara. Ɗan kamasho ya ce sai dai a sa shi a but, ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce sai dai a sa ni. Wani Alhaji da ya cinye rabin kujerata da babbar rigarsa ya tambayi abin da na rungume, da na gaya masa sai ya buɗe mini wa'azi a kan kiɗa da makomar makaɗa, bai numfasa ba har muka doshi Zariya. Na yi ta haɗiyewa, har ya kai ga cewa Allah dai ya sa mai busar ya tuba kafin ya mutu.

Na ce, "Alhaji, ubana ne. Kai ka ji da gwiwarka da ke kan ƙafata tun Kwanar Ɗangora."

Wata dattijuwa da ke gaba ta miƙo mini ƙullin dabino, ko waiwayowa ba ta yi ba. Da rana ta juyo ta tagata, na san zafi yana lanƙwasa faifai, sai na tare tagar da jakata. Hannuna ya sage tun kafin Kaduna.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Dillalin ya ce in sauka a Mararaba zai zo ya tare ni. Na sauka, na kira, waya a kashe. Har yau da nake ba da wannan labari a kashe take, Allah ya isa. Washegari na nemi makarantar da ƙafata, bayan na sha cunkoson motocin da ban taɓa ganin irinsa ba, mutane sun hau babur sun wuce mu, masu tafiya a ƙasa ma sun wuce mu. Maigadin makarantar ya ce sun ɗauki malamar Faransanci tun farkon zango, kuma sunan mutumin da na ambata bai taɓa jin sa ba. Na tsaya a bakin ƙofa da sabon takalmin da na saya saboda ranar, ina tsine wa dillali da Hausa da Faransanci, maigadi yana kallona.

Wata mai tuwo mutuniyar Maraɗi ce ta ji harshena a Mararaba ta gane ni. Ta ba ni tabarma a bayan shagonta, ina taya ta wanke-wanke. Faifan na jingine shi a bayan buhun gero, nesa da murhu. Abin da ya fi ci mini rai a makonnin nan ba talauci ba ne, gaisuwa ce. A gida in ka haɗu da mutum sai ya tambayi gidanku kaf, har akuya. A nan "ya dai?" ne kawai, kafin ka buɗe baki ya shige mota. Wallahi akwai ranar da na yi kuka a kan tukunya don kawai babu wanda ya tambaye ni ina Inna.

Na kai faifan kasuwar Wuse, don an ce mini a can ko nonon kura kake nema za ka samu. Na yi ta bin layin masu waya da rediyo har aka nuna mini wani mai shago da aka ce shi ne gwanin tsofaffin kaya. Ya zare faifan daga kwalinsa da yatsu masu maiƙon tsire, ya ɗaga shi sama, ya ce ba shi da garmaho, amma zai saya.

"Ka yi me da shi in ba ka da garmaho?"

Ya nuna mini bangon shagonsa. Faifai ne jere, an soka wa kowanne hannun agogo a tsakiya, an manna lambobi. Masu gidajen abinci suna so, in ji shi. Agogo! Ubana ya busa ƙaho har jijiyar wuyansa ta tashi don wani ya duba shi ya ga lokacin cin shinkafa ya yi? Na fizge abina na fito, yana bina da "Hajiya, zo mu daidaita."

A hankali na fara samun masu son koyon Faransanci a gidajensu, ɗaya ya haɗa ni da ɗaya. Na kama ɗaki a Kuje, a gidan Mama Ladi, wata Bagwariya manomiya, mai zuwa coci, wadda ba ta taɓa dawowa daga gona ba ta ajiye mini doya ko gyaɗa a bakin ƙofa ba. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. "Kai Malama, ka ci abinci? Ka rame fa, mamanka zai ce ni ne." Ita ce mutum ta farko a ƙasar nan da ta tambaye ni sunan mahaifiyata.

Cikin ɗalibaina akwai Barista Hauwa, babbar ma'aikaciya a wata hukumar tarayya, wadda ke neman wani matsayi da sai da Faransanci. Ranar da na fara shiga falonta na ga garmaho a kusurwa, sabo fil, yana ƙyalli. Na kasa koyar da komai sai da na ba ta labarin faifan Baba. Ta ce nata ba ya haɗuwa da waya, amma tana da ƙungiya, ta masu son jaz, wani kiɗan bushe-bushe na Amurka, suna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a gidan shugabansu a Wuse, kuma a can akwai kayan da za su yi komai. Ta ce in fara zuwa in ga yadda suke yi.

Na je. Mutum goma sha wani abu ne, daraktoci da injiniyoyi da lauyoyi, yawancinsu 'yan arewa da suka yi karatu a Turai, suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Shugaban, Dakta Kabiru, tsohon darakta ne da ya yi ritaya, siriri mai farin gemu, yana taɓa faifai da farar safar hannu. A bangon falonsa akwai wata doguwar kanta mai ƙofar gilashi, cike da faifai. Wannan, in ji Barista, ita ce zuciyar ƙungiyar: faifan da suka yarda cewa duk mai son jaz dole ya mallaka. Duk mako wani zai kawo faifai, a saurara, a yi muhawara, a ɗaga hannu.

Kuma suna da doka: muddin allura tana kan faifai, ba magana, ba tari, ba taɓa kofi. Amma da allurar ta tashi, tirƙashi! Ban taɓa ganin manya masu furfura suna musu irin wannan ba. Dakta ya ce duk kiɗan da aka jona wa lantarki ba jaz ba ne, hayaniya ce. Wani Bayarabe mai ƙiba, Oga Dele, ya ce in haka ne Dakta ya kashe fankarsa ya koma mafici. Barista ta ce kanta guda cike da maza masu busa, mata mawaƙa ba su kai yatsun hannu ba, wannan tarin faifai ne ko majalisar dattawa? Wani injiniya ya ce faifan da aka ɗauka a gidan rawa, ana jin tarin mutane da ƙarar kofuna, ya fi na ɗakin ɗaukar sauti gaskiya. Dakta ya ce to ya je ya saurari tari a asibiti. Aka yi ta yi har magariba, faifan ranar ya faɗi a ƙuri'a, mai shi ya mayar da shi jaka yana huci. Na yi dariyar da rabona da ita tun Damagaram. Na ce a raina, ga mutanena.

Asabar ta gaba na zo da faifan Baba. Dakta ya dubi kwalin, inda hoton samari shida yake, Baba a tsakiya da ƙaho a ƙirji. Ya ɗan taɓe baki. Ya goge faifan da wani burushi mai laushi, ya ɗora, ya sauke allura.

Da farko ƙaraf-ƙaraf kawai, kamar ana soya gyaɗa. Sai kalangu ya shigo, sai jita, sai ganga. Sannan ƙahon.

Ban san zan gane shi ba. Ina 'yar ƙarama rabona da jin sa. Amma da ya ja dogon sautin farko ya karya shi a ƙarshe, sai na ga Baba zaune a kan turmi a tsakar gidanmu yana shafa wa ƙahonsa mai, yana ce mini in matsa kada in ɓata rigata. Har numfashin da yake ja tsakanin busa da busa ana ji. Numfashin Baba ne, mutumin da ya shekara ashirin a ƙasa. Na toshe bakina da mayafi saboda dokarsu, hawaye yana bin hannuna har gwiwar hannu.

Allura ta tashi. Dakta ya gyara murya ya ce abin da daɗi, babu laifi, amma kiɗan otal ne na sojojin da suka tashi aiki. Ga jitar lantarki, ga kalangu. Wannan a kai shi gidan biki.

Gidan biki! Ni da na zo don a juye mini sauti kawai in tafi, sai na ji na miƙe tsaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, makon jiya na ji ka da kunnena kana cewa jaz shi ne mutum ya bar hanyar da aka shata masa ya ƙirƙiro tasa nan take, ya kuma dawo gida lafiya. Me mai ƙahon nan ya yi a waƙa ta biyu? Ko sai in a Amurka aka haifi mutum ne ƙirƙirarsa take zama ƙirƙira, in a Damagaram ne ta zama biki?"

Oga Dele ya buga cinya. "Gaya masa! Wannan yarinya ya san abin da yake faɗa!"

Aka kaure. Injiniya ya ce kalangun yana amsa wa ƙahon kamar mutum biyu suna zance, bai taɓa jin irinsa ba. Barista ta ce a sake sa waƙa ta biyu. Aka sake. Wannan karon na ga Dakta ya rufe ido, yatsansa yana motsi a kan gwiwa. Da aka zo ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, shi ne na ƙarshe, a hankali kamar hannun yana masa ciwo. Aka yi tafi. Na ji kamar in kira Inna nan take in ce mata manyan Abuja sun tafa wa Sanda.

Ina cikin share ido na ga Dakta ya jawo wani hatimi, ya danna a kan tawada, ya buga a kusurwar kwalin, daf da kafaɗar Baba. Ya zura faifan a kanta, ya rufe gilashi, ya murɗa makulli, ya jefa a aljihu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan tafi da shi yau ai."

Kowa ya juyo yana murmushi, kamar na yi wasa. Barista ta dafa ni ta ce, "Malama, ai ya ci. Duk faifan da ya ci ya zama na kanta. Haka ake yi tun da aka kafa ƙungiya. Mutane suna shekara suna neman wannan darajar ba su samu ba."

"Ba wanda ya gaya mini!"

"Ai kowa ya sani," in ji Dakta. Sannan ya faɗi maganar da har gobe in na tuna sai jinina ya tafasa. "Kada ki damu. Ki yi odar wani kawai. Mu ma duk haka muke yi."

In yi odar wani! Daga ina? Daga lahira? Mutanen nan sun saba duk abin da ke duniya yana da na biyu, in ya ɓace a latsa waya a kawo wani daga London cikin kwali. Ko a mafarki bai taɓa zo musu ba cewa akwai faifan da shi kaɗai ne, wanda ya kwana shekaru a ƙarƙashin zannuwan wata tsohuwa. Na gaya musu haka, da murya sama, ban tauna ba. Na ce aro aka ba ni, na uwata ne, makauniya ce tana jira. Dakta ya ce ya tausaya ƙwarai, amma a kantar nan akwai faifan mambobin da suka rasu, 'ya'yansu sun zo nema an hana su. In ya buɗe mini, da wane ido zai kalle su? Kuma a nan faifan zai fi samun kulawa, ga sanyi, ga burushi. Wato adakar Inna ba ta isa ba ke nan.

Na tsaya ina duban gilashin nan, wallahi na yi tunanin ɗaukar kujera. Amma ni wace ce? Baƙuwa daga Nijar, mai koyarwa gida-gida, a falon tsohon darakta, ga maigadi a ƙofa, ga rabin abincina a hannun Barista. Baƙo ko da ido makaho ne. Na fito hannu rabbana, mayafin Inna a ninke a jaka.

Kwana uku ban fita koyarwa ba. Mama Ladi ta shigo ta same ni kwance, na ba ta labari. Ta riƙe haɓa.

"Su ce abu yana da kyau, shi ya sa sun ƙwace? To in na ce akuyanka yana da kyau, sai na ɗaure a gidana?" Ta tafi ta dawo da kunun gyaɗa, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Inna ta kira a makon, ta ce, "An samu mai garmahon?" Na ce an samu, ana kan aiki. Ta ce, "Kina kula mini da shi dai ko?" Na ce ina kula. Da na ajiye wayar na ciji hannuna.

Ranar Alhamis Oga Dele ya biyo ni har Kuje, motarsa ta yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Ya je gidan Dakta da kayansa ya juye faifan duka, ya zuba mini a waya. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, kunya ta ishe shi. Na gode masa har zuciya. Amma na ce masa rabin saƙon ke nan, Inna cewa ta yi in dawo mata da abinta. Sai ya ce akwai ƙofa ɗaya, shi da Barista sun duba. Wanda ya kawo faifai yana da ikon ya nemi a sake zama a kansa. In ya gamsar da mafi yawan mambobi cewa an yi kuskure, faifan bai cancanci kanta ba, to sai a fitar da shi a miƙa masa.

Na ce, "Wato in tsaya a gabansu in ce ubana bai iya ba."

Ya dubi ƙasa. "Haka dokan ya ce, Malama."

Kai, Allah wadaran doka irin wannan! Amma na je. Asabar ta zo, na sa atamfata mafi kyau, na shiga motar Kuje zuwa Wuse ina haɗa ƙarya a raina kamar mai shirin jarrabawa.

Aka fito da faifan, aka sa, aka saurara shiru. Na ƙi barin kaina in ji shi, na ƙura wa fanka ido. Da allura ta tashi na miƙe. Na ce ranar farko son zuciya ne ya ɗebe ni. Na ce Dakta ya yi gaskiya tun farko, kiɗan otal ne. Na ce mai ƙahon soja ne da ya saba busa wa tuta, bai yi makarantar kiɗa ba, bai san ƙa'ida ba. Na ce a waƙa ta uku sautinsa ya fashe, kowa ya ji. Wannan gaskiya ne, ya fashe, kuma Inna ta taɓa gaya mini a ranar da zazzaɓi ya shiga ɗakin ɗaukar sautin. Na ɗauki zazzaɓin ubana na yi masa bulala da shi a gaban baƙi. Harshena kamar na tauna maɗaci.

Sai ga abin da ban zata ba. Dakta ne ya miƙe, ransa a ɓace.

"Malama, ban yarda ba! Makon nan kullum sai na sa faifan nan. Wannan fashewar da kike raina wa, ita ce faifan. Mutum ne ya kai ƙarshen numfashinsa ya ƙi sauka. Na shekara arba'in ina tara faifai, kuma ina gaya miki mutumin nan gwani ne. In an haife shi a wani wuri, da yanzu muna odar faifansa."

Injiniya ya ce ƙwarai. Wani ya ce a waƙa ta biyu kaɗai ya isa a ba shi kanta. Suka yi ta yabon Baba, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Turanci, maganganun da ya mutu bai ji ko ɗaya ba. Ni kuma 'yarsa ina tsaye ina cewa a'a, ba haka ba ne, bai kai ba. Duk yabon da suka ƙara, faifan yana ƙara nisa da Inna. Ban taɓa jin haushin mutane da son su a lokaci guda irin ranar ba.

Na ce, "Don girman Allah, ku ce bai iya ba."

Barista ta ce a ɗaga hannu, waɗanda suka yarda an yi kuskure. Ita ta fara. Oga Dele ya ɗaga nasa yana cewa, "Allah ya gani ƙarya nake yi." Injiniya ya ɗaga, ya kau da kai wajen taga. Ɗaya bayan ɗaya hannuwa suka tashi, babu mai kallon wani. Dakta ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya ƙi. Ya ce shi ba zai yi wa mamaci ƙazafi ba. Amma hannuwan sun isa ba tare da nasa ba. Shi da kansa ya sa safarsa, ya goge faifan, ya zura a kwali, ya miƙo mini da hannu biyu. Ban yi masa godiya ba, kuma har yau ban ga dalilin da zan yi ba.

Da hutun babbar Sallah ya zo na tafi gida. Na sami Inna a tsakar gida a kan tabarma. Na ɗora mata faifan a cinya, ta warware mayafin, ta bi gefen kwalin da yatsu har ta zagaye shi, sannan ta ajiye shi a jikinta. Na kunna wayar na sa mata a kusa da kunne.

Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina jan carbinta. Da aka zo waƙa ta uku, wurin da sautin ya fashe, ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ranar da na ce masa kada ya fita." Ta saurara har ƙarshe, ta ce in maimaita, na maimaita.

Can ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Mutanen can da suka juye shi, sun saurara kuwa? Sun gane Sanda gwani ne?"

Na ce, "Sun gane, Inna. Duk Abuja ni kaɗai ce na ce bai iya ba."